Yadda Aka Gano Ciwon Akwatin Wasa

Wanda duk ya zaga Ƙaura Namoda da yamma zai ga wasu 'yan shaguna inda samari ke zaune gaban talabijin, kowa riƙe da wani abu mai maɓallai, suna buga ƙwallon da babu ƙura babu gumi. Ɗaya daga cikin akwatunan da ke fitar da wannan wasa sunansa PlayStation 2. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fito da shi cikin 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, sa'an nan aka daina ƙera shi wajen ƙarshen 2012. Watau can inda aka yi shi ya zama kayan tarihi, amma nan wajenmu akwai masu cin tuwo da shi.

Maƙeransa sun sa masa mai gadi a ciki. Kowane faifan wasa na asali yana da wata alama wadda injin kwafe ba ya iya kwaikwayonta, kuma sun raba duniya kashi-kashi, faifan Amurka ba ya ci a akwatin Turai. In ka sa faifai, mai gadi ya nemi alama, in bai gani ba sai ya nuna maka jan allo. Don haka ne masu gyara su ke sa wani ɗan abu da su ke kira cip. Bai fi kan sarki girma da yawa ba, ana liƙa shi da dalma da wayoyi wajen ashirin, sirara kamar zaren ɗinki. Aikinsa shi ne ya amsa wa mai gadi cewa faifan nan ɗan gida ne. Ban ce kwafe faifan mutane halal ba ne, haƙƙin mai abu yana nan ko yana Japan. Labarin gyara kawai na ke bayarwa.

Ɗan ƙanwata ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi, bayan 'yan bindiga sun hana su noma. Uwarsa ta sayar da awakinta biyu da suka rage, ya sayi tsohon akwati da talabijin don ya buɗe shago. Ya kai wa wani mai gyara ya sa masa cip, aka kunna, sai jan allo. Mai gyara ya ce cip ɗin jabu ne, a sayo wani. Aka sayo, ya cire na fari ya ɗora sabon a kan wayoyin nan dai, jan allo na nan. Ya ce a sayo na uku. Yaro ya zo mini ya ce, "Kawu, kuɗin Inna sun kusa ƙarewa, ban ga kwabo ba."

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin Shinkafi, wanda ya komo Ƙaura cikin 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layin waya a Zamfara. Dattijon bai taɓa sukuddireba ba tukuna. Ya ce, "Ɗana, je ka aro mini faifan asali guda, irin na ƙasar akwatin." Aka samo da ƙyar. Da aka sa, wasa ya tashi garau. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga mun wanke mutum uku ke nan: wuta lafiya, idon da ke karanta faifai lafiya, babban allo lafiya. Saura cip da hanyarsa."

Sa'an nan ya buɗe, ya ɗauko mita, ya auna ya ga wuta tana isa ga cip. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana duba ko wata ta tsinke a cikin rigarta, ko dalma ta malala ta haɗa ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba. Duk bai sami kome ba. Ni kuwa ina kallo abin yana ba ni sha'awa, domin haka mu ke yi a ofis in lissafi ya ƙi daidaita: ba a yaga littafi, layi-layi a ke bi da yatsa har a kai ga inda sifiri ya ɓata.

Daga nan ya juya akwatin ya karanta lambar da ke bayansa, wadda ta fara da SCPH, ya kuma karanta ta jikin allon ciki. Ashe nan maganar ta ke. Sunan akwatin ɗaya ne, amma Sony sun yi ta sāke tsarin cikinsa, har ya zama iri fiye da goma, kowane iri da taswirar liƙinsa. Mai gyaran fari ya bi taswirar wani irin dabam, wayoyi biyu suka sauka inda ba gidansu ba. Ko cip ɗari aka sayo aka ɗora a kan wayoyin nan, jan allon za a gani. Dattijo ya sa aka buɗo taswirar da ta dace a wayar hannu, ya ɗaga wayoyin biyu ya mai da su wurinsu, ya rage tsawon wayar ƙasa don ba a son ta yi tsawo. Cip ɗin farko, wanda aka ce jabu ne, shi ya mayar, ya kuwa yi aiki.

Ba a jima ba yaro ya sa wani wasan Amurka, hoto ya fito fari da baƙi. Ya ce, "Baba, ya sāke lalacewa!" Dattijo ya yi dariya ya ce wannan laifin talabijin ne. Tsarin launin Amurka NTSC a ke ce masa, namu na Nijeriya PAL, kuma tsohuwar talabijin ɗin ba ta jin na Amurka. Ya ce ko dai ya nemi wasannin da aka buga don Turai, ko in ya sami hali ya sayi talabijin mai jin duka biyu.

Abin da ya fi jan kunnensa a kai shi ne ido. Faifan kwafe mai arha yana wahalar da shi, ƙurar hunturu kuma tana rufe shi, balle siririn akwatin da aka fito da shi cikin 2004, wanda idonsa ya kan ƙone. Ya ce ya riƙa rufe akwatin da ƙyalle in an tashi, kada ya sa faifan da ya karce, in kuma ya ji wani na sayar da mataccen akwati irin nasa da arha, ya saya ya ajiye don kayan ciki.