Hausar Inna da Na Yi Wa Gyara

Ina aji uku na firamare a Kaduna na fara yi wa mahaifiyata gyaran magana. Idan ta ce "biyat" sai in ce "biyar ake cewa, Inna." Idan ta aike ni sayen sure sai in ce sunansa yakuwa. 'Yan ajinmu ne ke min dariya, ni kuma in dawo gida in huce a kanta. Ba ta taɓa yi min faɗa ba, murmushi kawai take yi. Bara Allah Ya yi mata rasuwa, ban nemi yafiyarta kan wannan ba.

Watan jiya na ɗauki hutu a asibiti, na kama hannun 'yata muka tafi Bakura, garinsu Inna, bikin ɗiyar Kawu. Maigidana bai so ba saboda halin da hanya ke ciki, sai da na yi alkawarin ba za mu yi tafiyar dare ba.

Ranar Talata muka sauka Talata Mafara, kasuwa tana ci. Wata tsohuwa mai sayar da hoce ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi kika so?" Na tsaya kamar an dasa ni. Muryar Inna ce sak. Na sayi hocen da ya fi ƙarfin cikinmu don dai ta ci gaba da magana.

A Bakura aka yi mana tuwon shinkafa da miyar sure. Kawu ya ce shinkafar ta Bakolori ce, dam ɗin da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Ya ba ni labarin manoman da aka kashe a 1980 kan neman diyyar gonakinsu, har muryarsa na rawa. Da dare ya kunna kiɗan kotson Musa Ɗankwairo, wanda a ƙasar Bakura aka haife shi, ya rasu a 1991. Tun ina yarinya nake jin waƙoƙinsa a rediyo, har a Kano da Zariya ana ji da su, amma ban taɓa lura ba cewa da Hausar da nake kunya ya yi su.

Washegari muka leƙa Maradun gaishe da Gwaggo, muka juyo kafin la'asar. Ita ta tuna min Sa'idu Faru, mutumin yankinsu, makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi.

Na koma aiki da wani abu a raina. Muna yawan karɓar matan da rashin tsaro ya koro daga Zamfara. Sau da yawa idan suka fara bayanin ciwonsu, wani ya kwaikwayi maganarsu, sai su yi shiru, mu kuma mu rasa rabin bayanin. Makon jiya na zauna kusa da wata na ce, "Inna, mi ad damuwa?" Ta ɗago kai, ta faɗi abin da ta ɓoye kwana biyu.

Yanzu 'yata ta kama cewa "biyat". Ban gyara mata ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kawo wa Zamfara zaman lafiya.