Ranar Alhamis Ɗin da Ban Koma Ba

Muna aji shida malamin ba da shawara kan sana'a ya riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya kafin mu cike fom ɗin JAMB. Mu uku muka jera a benci a ƙofar ofishinsa, duk 'yan ajin kimiyya.

Na farkonmu da takarda ya shiga. Ya riga ya san mai neman karatun likita sai ya rubuta Ingilishi da fiziks da kemistiri da bayoloji, har ya jera jami'o'i biyar yana auna su. Matsalarsa ita ce awon ba ya ƙarewa, don haka Malam ya yanka masa rana. Na biyu kuwa cewa ya yi ransa ne kawai ya kwanta da aikin gona. Malam bai yi masa dariya ba, sai ya tura shi ya wuni da wani malamin gona ya ga aikin da idonsa.

Da layi ya zo kaina na ce, "Malam, duk abin da kuka zaɓa mini ya yi." Ya ce, "Ai ba ni zan zauna maka a aji ba." Ya umarce ni in rubuto ayyuka uku da nake jin daɗin yi, in dawo ranar Alhamis. Ban koma ba. Baba ya taɓa ambaton harhaɗa magunguna, shi na cike ba tare da na tambayi kowa me ake karantawa a ciki ba. Makina bai kai ba, na shekara a gida. A zaman nan ne na fara koya wa yaran unguwarmu lissafi, na ga ashe koyarwa nake so.

Yanzu ina aji biyu a tsangayar ilimi. Kwanaki a darasi muka ci karo da binciken Scott da Bruce na 1995, inda suka kasa masu yanke shawara gida biyar: mai nazari, mai bin zuciya, mai jingina da wasu, mai kauce wa zaɓi, da mai gaggawa. Sai da na sunkuyar da kai, domin gida biyu na haɗa ni kaɗai.

Jin ta bakin iyaye ba laifi ba ne, kada ku yi mini mummunar fahimta. Da na koma gida da zancen koyarwa bayan sakamako ya fito, Baba cewa ya yi shi ma a bakin wani maƙwabci ya ji maganar magungunan, kuma da na yi magana tun farko da ya saurare ni.