Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin abin da na gani a bakin Kogin Kaduna.

Ni mutumin Hayin Banki ne. Shekara da shekaru ina ƙetare kogin nan ta kan gada, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. A bana sai na yi niyya, na tashi daga unguwarmu da sassafe, na bi ta Malali, na gangara bakin ruwa. Sau biyu na yi tafiyar nan, ɗaya da bazara, ɗaya cikin watan Agusta, kai ka ce koguna biyu na gani.

Da bazara na tarar ruwa ya janye, duwatsu sun fito, yashi ya kwanta, ana hango ƙasan ruwan. Da na koma a tsakiyar damina, sai ga shi ya cika ya batse, ya yi ja wur, yana tafe da itatuwa. Jan nan kuwa ƙasar gonaki ce ruwan sama ya kwaso. Kogin ya taso tun daga tsaunukan Jos, ya karɓi ruwan Galma na Zariya, ya ratsa garinmu, ya wuce Shiroro inda aka datse shi aka fara samun lantarki a 1990, ya bi ta Zungeru, sa'an nan ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe, tafiyar kamar mil 340. Da ruwan ya yi sanyin gudu, sai ya sauke ƙasar da ya ɗauko, ita ce ke gyara fadama, ita ce kuma ke cike madatsai a hankali.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. A tafiyata ta bazara na iske wani kududdufi inda kwata ke zuba, ya yi kore shar da gansakuka, yana wari. Wani masunci da ke gyaran komarsa ya ce mini a irin wurin nan sai tarwaɗa ake samu, karfasa ba ta zama. To, ga dalili. A cikin ruwa akwai iska narkakkiya, wadda masana ke kira oksijin, da ita kifi ke numfashi. Ruwa na samunta idan yana gudu yana dukan duwatsu, da kuma daga tsire-tsiren cikinsa da rana. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi. Idan ƙazanta ta shiga, sai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su tasar mata da ci, su kuwa da iskar nan suke aiki, har su ƙarar da ita. Takin zamani da ruwan wanki kuma su ke ciyar da gansakuka, in ta mutu ta ruɓe, ita ma ta cinye sauran. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iskar sarari, shi ya sa take jurewa. Ashe kogi ma numfashi yake yi, ana kuwa iya shaƙe shi.

Dā laifin masaƙun Kakuri muke gani, waɗanda aka fara buɗewa a 1957, domin ruwan rininsu ta rafin Makera yake bi ya shiga kogi. Yau yawancinsu sun rufe, saura mu. Duk wanda ya san unguwarmu ya sani, da hadari ya haɗo, sai yara su fito da kwandunan shara su juye a kwalbati, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Kowace kwata ta garin nan kogi ta nufa. Leda kuwa ba ta ruɓewa, sai ta toshe hanyar ruwa, ya juyo cikin gidaje. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba su bukatar a gaya musu ƙarfin ruwa. Har wa yau daga kogin nan ake jan ruwa a Malali, a sa masa alif laka ta kwanta, a tace, a sa magani, sa'an nan a turo mana a famfo. Mutanen da ke gangare kuwa, abin da muka zubar shi suke samu.

Saboda haka ina roƙon masu unguwanni da limamai su riƙa yi wa jama'a gargaɗi, hukuma kuma ta tanadi wurin zubar da shara kusa da mutane, a riƙa kwashewa a kan kari. Malaman makaranta su kai yara bakin kogi su gani da idonsu. An ce garin nan daga kadduna ya sami sunansa, ni kuwa a tafiyata biyu ko ɗaya ban gani ba. Kada mu bari jikokinmu su ji labarin karfasa kamar yadda muke jin na kada. Allah ya sa mu gane, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani mai karatun jarida,
Hayin Banki, Kaduna.