Kornaka: Daga Ƙauye Labari Yake Tashi

Wanda ya bar Maraɗi ya nufi Dakwaro, sai ya ratsa Kornaka. Ƙasa ce ta jigawa. Hausawa, Buzaye da Fulani suna zaune tare. Hatsi da wake suke nomawa, ga kiwon bisashe. Ruwan sama ba ya da tabbas a nan.

Tsofaffin Kornaka ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda ake kira El Buhari. A 2004 kuma fari da fara suka haɗu. Da 2005 ta shigo, rumbuna suka ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Talakawa suka sayar da awakinsu da arha, suka sayi tiya da tsada.

Gwamnati ta yi tanadi. Tun 1970 aka kafa OPVN, mai ajiyar hatsin ƙasa. A 1989 aka buɗe ma'aikatar gargaɗi tun da wuri. Ga yadda aikin yake tafiya: ƙauye ya faɗa wa kwamin, kwamin ta kai Dakwaro, Dakwaro ta kai Maraɗi, Maraɗi ta kai Yamai. Can ake duba inda za a sayar da hatsi da rahusa, da inda za a raba kyauta.

To, ƴan uwa manoma da makiyaya, Yamai ba ta ganin gonarku. In kun ga fara, ko ciyawa ta gaza, ko tiya ta hau, ku gaya wa mai gari da malamin gona ran nan. Labarin da ya makara, taimakonsa ma makara yake yi.