Kafin ka cire injin fetur ka ɗora na dizal, ji abin da ya same ni

Jama'a, tun shekaranjiya da na sa hoton a-kori-kurata a gareji ake ta tambayata ta inbos: wai sauya inji zuwa dizal akwai riba? Bari in amsa a nan gaba ɗaya.

Kowa ya san abin da ya faru ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki. Ni kuwa da tsohuwar Hilux mai injin 22R nake ci da iyali, ina ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Sai na ga kusan duk abin da na samo a gidan mai yake ƙarewa. Dizal ba araha gare shi ba, don dama babu tallafi a kansa, amma injinsa bai kai na fetur zuƙa ba, musamman da lodi. Na sayar da shanu biyu, na shiga Ƙofar Ruwa na sayo injin 3L na gwanjo, mai lita 2.8.

A nan na yi kuskuren. Mai kayan ya ce in haɗa da giyarsa, na ga kuɗin ya yi yawa, na ce tawa lafiyarta ƙalau. Ashe ƙwaryar nan da ke haɗa inji da giya, wadda kanikawa ke kira belhausin, ta 22R daban, ta 3L daban. Ramukan notinsu ba sa haɗuwa. Wani bakanike ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, faranti za mu yanka." Aka kai wa mai walda ƙarfe, ya huda ramuka da awon ido, aka ɗaure. Mota ta tashi, na yi ta murna.

Ban yi wata biyu ba giya ta fara gardama, kuloci na kuka. Rannan da buhunan masarar mutane a baya, ta tsaya mini cak a hanya bayan magariba. Na biya wata mota ta kwashe kayan, na kwana a gefen titi ina gadin tawa. Wallahi kunyar masu kayan ta fi asarar kuɗin ci mini rai.

Dattijon da ya buɗe ta daga baya ya nuna mini da idona. Sandar da ke fitowa daga giya dole ta zauna daidai tsakiyar karanshaf, cikin ɗan boris ɗin da ke bayansa. In faranti ya kauce ko da ɗan kaɗan ne, sandar a karkace take juyawa, ta cinye boris, ta lalata filet ɗin kuloci, ta bi ta ci na cikin giya. Ya ce noti ɗaurewa kawai yake yi, 'yan turakun nan biyu na saiti su ke riƙe tsakiya, nawa farantin kuwa babu su sam.

Don haka ga shawarata. In da hali, sayi inji da giyarsa, da fulawil, da kuloci, da kik, duk daga mota ɗaya. In ba hali, nemi belhausin na dizal da ya dace da giyarka kafin ka yi zancen faranti. In kuma faranti ya zama dole, a kai wa mai injin tana ya auna, a duba kaurinsa, don in ya yi kauri sandar ba za ta kai boris ba. Mai son injin turbo irin 1KZ kuma ya sani ƙarfinsa ya fi na ƙaramar giya, R150 ko R151 kamfani ya haɗa shi da su.

Sauran abu biyu. Dizal ba ya juyi da sauri kamar fetur, don haka a duba haƙoran aksil na baya, in ba haka ba inji ya yi ta ihu a kan kwalta mota ba ta gudu. Sannan birki: injin fetur da kansa yake ba busta iskar da take ja, dizal kuwa sai da famfo, wanda a 3L yake bayan altaneto. A tabbata an jona shi, don wannan zancen rai ne.

Yanzu na sayo giyar da na ƙi saye da farko, bayan na biya kuɗin faranti, kuloci da kwanan titi. Mota na aiki, mai ya ragu, alhamdu lillahi, amma har yau ban mayar da shanun ba. Wanda ya taɓa yin wannan sauyi ya faɗa mana yadda tasa ta kaya, ko wani ya tsira da kuɗinsa. Allah ya kawo mana sauƙin rayuwa, amin.