Zamanin da mangwaron Mayo-Belwa ke hawa jirgi

A shekarun da manyan hafsoshin Najeriya ke ajiye kaki ɗaya bayan ɗaya, da yawansu kwangila suka nufa, ko kujerar daraktan banki, ko gina gidajen haya a Legas da Abuja. Murtala Nyako kuwa gida ya koma, Mayo-Belwa, kudu da Yola, inda ya riga ya dasa itatuwa tun kafin ya yi ritaya a 1993.

A garin aka haife shi a 1942, cikin gidan masu shanu. Abin mamaki ne ɗan da ya tashi ɗaruruwan kilomita nesa da teku ya zaɓi aikin sojan ruwa, amma haka Allah ya tsara. Ya shiga rundunar a 1963, ya yi horo a Dartmouth ta Ingila, ya zama gwamnan soja na farko na jihar Neja da aka ƙirƙiro a 1976, sannan ya shugabanci rundunar sojan ruwa daga 1990 zuwa 1992. Duk wannan yana rubuce a takarda. Amma ka shiga kasuwa a Jimeta ko Numan ko Ganye ka ambaci Baba Mai Mangoro, babu wanda zai tambaye ka wa kake nufi.

Kafin gonarsa ta Sebore, mangwaro a wurinmu abin inuwa ne da abin lasawar yara. Wanda ya tashi a Arewa a wancan lokaci ba zai manta da manyan itatuwan da ke jere a bakin titin bariki da harabar makarantun kwana ba, da yadda ake jifar 'ya'yansu tun suna ɗanye a ci da gishiri da barkono, da yadda ƙasa ke yin jawur da su in iskar bazara ta kaɗa. Akwai Binta Suga, akwai fafaranda, akwai ɗan Kamaru, akwai ɗan ƙaramin nan mai zare da ke maƙale wa mutum a haƙori har dare. Daga Maris zuwa Yuni sai ya yi arha har a rasa mai saye, tsibi-tsibi a bakin hanya ƙuda na bi. Daɗi kam an sha shi. Sai dai mutane kaɗan ne suka taɓa kallon itacen a matsayin dukiyar da za a zuba wa jari.

Nyako ya kalle shi haka. Ya dasa itatuwa kimanin 50,000 a jere, da tazara a tsakaninsu, irin masu aure waɗanda ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, maimakon jiran shekaru biyar ko fiye da na ƙwallo ke sa mutum yi. A 1993 mangwaron gonar ya fara tafiya Turai. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka lodi ne kawai a tura. Kasuwar Turai tana son mangwaro marar zare mai tsoka, irin su Kent da Keitt. Ba a kaɗo shi da gora, ba a bari ya taɓa ƙasa. Da hannu ake yanko shi da ɗan guntun reshensa, a kifa shi ƙaron ya tsiyaye, domin in ƙaron ya taɓa fata sai ya bar tabo, tabo ɗaya kuwa ya isa a ƙi kwali guda. Sai a wanke, a ware girma-girma, a jera a kwali, a ajiye a sanyi, a kai filin jirgi kafin ya nuna ya wuce. Samari da 'yan matan karkarar Adamawa ne suka koyi wannan aiki da hannunsu, kuma a ganina wannan ilimin ya fi kuɗin da aka samu daraja.

Bai bar shanun gado ba. A Sebore ya riƙa haɗa irin shanun gida da na waje masu yawan madara, ya nuna wa makiyaya cewa saniya ɗaya mai kyakkyawan iri da ciyawar da aka shuka mata za ta iya cika ƙwaryar da shanu da yawa ba sa cikawa. Daga nan sunansa ya fita daga gona ya shiga taron manoma, har ya shugabanci Ƙungiyar Manoma ta Ƙasa, AFAN, kujerar da Abdullahi Adamu ya hau daga baya. Manoma sun ji daɗin samun shugaba da in ana maganar taki da bashin banki da kasuwa, ya san zafin abin a aljihunsa.

Ya kamata a tuna cewa bai tsiro shi kaɗai ba. Zamani ne da noma ke da kwarjini a idon hukuma. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, Shagari ya biyo da nasa juyin noman a 1980. Ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe sun sa malamin gona ya zama mutumin da ake gani a ƙauye bisa babur, ya duba ganye, ya ba da shawara, a ba shi fura ya sha. A lokacin kamfanin sukari na Savannah yana aiki a Numan, na tumatir yana aiki a Dadin Kowa. Shirye-shiryen nan suna da ramukansu, an yi ɓarna a cikinsu, amma yaro ɗan makaranta na iya cewa manomi yake so ya zama ba a yi masa dariya ba. Wannan nake kewa.

Siyasa ta ɗauke shi a 2007, ya zama gwamnan Adamawa. Majalisar jiha ta tsige shi a Yulin 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsigewar ba ta bisa ƙa'ida a 2016, aka kuma yi ta shari'o'i. Kowa da ra'ayinsa kan mulkinsa, ni dai na fi son manomin a kan gwamnan.

A tsakanin nan hanyar da ya buɗe ta yi ta ƙuntata. Kamfanin jiragen sama na ƙasa ya durƙushe a 2003. A shekarar ne kuma aka fara ganin wani baƙon ƙudan 'ya'yan itace daga Asiya a Kenya, cikin ɗan lokaci ya mamaye Afirka ta Yamma, yana huda mangwaro ya zuba ƙwai, Turawa kuma suka tsananta bincike a tashoshinsu. Sannan rashin tsaro ya zo, har aka sa dokar ta-ɓaci a Adamawa a 2013. Maƙwabtanmu sun gamu da ƙudan nan kamar mu, amma suka haɗa kai suka yi tarko da feshi da rumbunan sanyi. Sai Kwaddibuwa da Mali da Burkina Faso da Senegal suka riƙa kai mangwaro kantunan Turai, namu kuwa yana ruɓewa a kwanduna a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano.

Ƙasar da ta ba Sebore mangwaro tana nan, rana da ruwan ma suna nan. Gwamnonin Arewa su gina wuraren tantancewa da ɗakunan sanyi kusa da filayen jirgin Yola da Kano, su dawo mana da malamin gona ƙauye. Kai kuma mai fili da ɗan hali, daminar bana ka nemi dashe mai aure ko guda hamsin ne ka sa a ƙasa.