Hauya Da Safe, Darasi Da Dare: Karatun Jami'a Ta Intanet A Daminar Arewa

A Amurka, idan jami'o'i suka tafi dogon hutu, ɗalibin da ke gaggawa ba ya zama. Yakan yi rajistar darussa biyu ko uku na gajeren zango, da yawansu yanzu ta intanet ake yi, a lissafa masa su cikin digirinsa. Da haka wani ke gamawa kafin sa'o'insa, wani kuma ya biya bashin darasin da ya faɗi. Irin wannan karatu na nesa ya fara samun shiga a wajenmu, kuma ina cikin waɗanda suka gwada shi. Sai dai tsarin an gina shi ne a kan zaton cewa lokacin hutu ɗalibi ba shi da abin yi. A ƙasarmu ta Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, babban hutu yana faɗowa ne a Yuli da Agusta da Satumba, tsakiyar damina ke nan, lokacin da babu hannun da ake bari ya zauna.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutum ga ɗora wa kansa karatu a irin wannan lokaci? Amsar tana cikin yadda shekaru ke zubewa a jami'o'inmu. A tsarin da ake bi yanzu, na lisans da mastar da dakta, lisans shekara uku ce: zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Haka yake a takarda. A zahiri kuwa, duk wanda ya zauna a jami'ar gwamnati a Nijar ya san abin da ake kira hawan shekara kan shekara. Yajin aikin malamai, yajin ɗalibai, jinkirin kuɗin tallafi da cunkoso a ɗakunan karatu kan sa shekara ba ta ƙare ba wata ta shigo. Annobar korona ma ta ƙara nata, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Yaron da ya ci bak yana ɗan shekara 19 sai ka gan shi ya haura 25 bai riƙe lisans ba. A gida kuma ana ƙirga masa. Uba ya tsufa, ƙanne sun taso, ga maganar aure. Da yawanmu a nan muke sauka daga motar karatu saura ƙiris, mu kama koyarwa ta kwantiragi ko wata sana'a, da niyyar za mu koma. Komawar ce ke wuya.

Ni kiredi 12 suka rage mini, darussa biyu, lokacin da na dawo gida na kama koyarwa a wata makarantar sakandare ta karkara a gundumar Tibiri. Shekara huɗu suna nan rataye a wuyana. Duk gasar ɗaukar aiki da aka buɗe wadda ke neman lisans, sai dai in karanta sanarwar in wuce. Da na ji cewa cibiyar da na yi karatu a Yamai ta buɗe zangon hutu ta intanet don irinmu, ban yi dogon tunani ba.

Lissafin ne ya fara tsayar da ni. Kiredi ɗaya ana ƙiyasta shi da kimanin awa 20 na aikin ɗalibi, har da sauraren darasi da bita da rubuta aikin gida. Kiredi 12 awa 240 ke nan. A raba su cikin mako goma, ya zama awa 24 kowane mako, wato awa huɗu kullum in aka cire Juma'a. To, awa huɗu a watan Yuli daga ina za su fito? Geron da aka shuka da ruwan farko yana jiran noman fari, ciyawa ba ta san uzuri ba, kuma kafin a gama kewaye gona maimai ya zo. Ga waken da aka sa tsakanin kunya, ga gonar gyaɗar iyaye mata da ke jiran taimako. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa ga su duka a bakina.

Dole ta sa na zauna da mahaifina. Na ce, "Baba, bana ina roƙon a sallame ni daga gona da an yi azahar." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wannan karatun na cikin waya, in an gama shi takarda ake bayarwa ko kuwa labari?" Na ce takarda ce. Ya ce, "To, ka nemo wanda zai riƙe hauyarka da yamma." Haka aka yi. Na ɗebi wani abu daga ɗan albashina na ɗauki ɗan barema kwana uku a mako. Wannan kuɗi ba ya cikin takardar da cibiyar ta aiko ta kuɗin rajista, amma shi ne kuɗin makaranta na farko da ɗan manomi ke biya.

Na biyu shi ne kiredin waya. Abin dariya, kalma ɗaya muke amfani da ita ga abin da jami'a ke ƙirgawa da abin da ake sawa a salula, kuma ba ka samun na farko sai ka ƙona na biyu. Kamfanoni huɗu ne ke da layi a ƙasar, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, kuma kowa a ƙauye ya san wanda ke kamawa a bakin rijiya da wanda sai an hau tudu. Darasin kai-tsaye na bidiyo, inda malami ke magana ɗalibai na kallo, shi ne mai cinye data, kuma shi ne mai yankewa da zarar hadari ya haɗo. Abin da ya cece mu shi ne malamin da ya fahimci inda muke. Ya riƙa naɗar bayaninsa da murya kawai, minti goma-goma, ya haɗa da takardun karatu marasa nauyi ya turo ta WhatsApp. Ranar kasuwa in na shiga gari sai in sauke na mako guda gaba ɗaya, in dawo in riƙa bi a hankali. Ɗayan malamin kuwa ya tsaya kan sai an hallara kai-tsaye ƙarfe huɗu na yamma, har yana kiran suna. A darasinsa ne mutanen karkara suka fi zubewa, ba don sun fi kowa rauni ba.

Na uku wuta. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma mafi yawansu a birane suke. Ko a biranen ma mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kaso mafi girma na wutar ƙasar daga can yake zuwa. Ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. A ƙauye dogaronmu ga faifan hasken rana ne, na mai shagon caji ko ɗan ƙarami na gida. Amma Agusta watan gajimare ne. Akan yi kwana biyu rana ba ta fito da ƙarfi ba, batir ya kwanta, waya ta mutu da aikin gida a cikinta. Na koyi kwafe muhimman shafuka a littafi da hannu, kamar yadda muka yi a firamare, don in wayar ta ɗauke karatu kada ya tsaya.

Duk da haka ba zan ce wahala kawai na gani ba. Mu bakwai ne 'yan Arewa a wannan zango, muka buɗe zaurenmu na WhatsApp. Akwai na Matankari, akwai na Gesheme, akwai na Kore Mai Ruwa. Wanda ya sami layi mai ƙarfi shi ke sauke darasi ya rage masa nauyi ya rarraba. Wanda ya gane wani babi sai ya yi bayaninsa da Hausa cikin saƙon murya, kuma sau da yawa a nan ne abin da aka faɗa da Faransanci yake zama a kai. A cikinmu akwai wata baiwar Allah mai 'ya'ya biyu, wadda aure ya dawo da ita gida tana shekara ta biyu a jami'a. Komawa Yamai da zama ba ta taso ba a wajenta. Takan yi karatunta bayan sallar isha'i, in yara sun yi barci, kuma ita ta fi mu maki a darasi ɗaya. Ga mata irinta, da malaman kwantiragi, da ma'aikatan lafiya na ƙauye da ba za su iya barin bakin aiki ba, wannan ƙofa ce da a da babu ita sam.

Sai dai tambayar Baba ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi: takarda ko labari? Intanet cike take da darussan kyauta da masu araha, wasu daga manyan jami'o'in Faransa da Amurka, kuma akwai ilimi na gaske a cikinsu. Amma shaidar halartar darasi daban, kiredin da jami'arka za ta lissafa maka daban. Na san wani abokina da ya kwashe damina biyu yana tara irin waɗannan shaidu masu kyawun zane, ya biya kuɗi ba kaɗan ba, da ya kai su aka ce masa ba sa cikin tsarin digirinsa. Kafin ka biya ko dala, ka sami amsar abu uku a rubuce. Shin makarantar tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi? Shin digirin yana cikin waɗanda aka amince da su, a gida ko a wajen CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ke da mazauni a Wagadugu? Sannan a ina za a zauna jarrabawa, kuma yaushe? Tamu a Yamai aka yi ta, ido da ido, a ƙarshen Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna. Tafiyar kusan kilomita 300 ce daga Dutsi, ga kuɗin mota, ga masauki, ga girbin da ka bari a baya. Daga mu bakwai, mu biyar muka isa ɗakin jarrabawa. Biyun da suka rage sun yi karatun, kuɗin hanya ne ya gagare su.

Wannan ne ya sa nake ganin matsalar ta fi ƙarfin ɗalibi shi kaɗai, kuma maganinta ba a nesa yake ba. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan marubuci Cheikh Hamidou Kane. Ba su ce kowa ya ji da kansa a ɗakinsa ba. Sun gina cibiyoyi a garuruwan ƙasar, masu wuta da intanet da kwamfutoci, inda ɗalibi zai je ya yi karatu ya kuma zauna jarrabawa kusa da gida. Maƙwabciyarmu Najeriya ma, jami'arta ta karatu daga gida, NOUN, da cibiyoyin karatu a jihohi take aiki. Darasin a fili yake: karatun nesa yana buƙatar ɗaki na kusa.

Mu kuwa ɗakunan muna da su. Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suna da ƙananan hukumomi goma: Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Dan Kasari, Dogon Kirya da Sukukutan a ɗaya ɓangaren, sai Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mai Ruwa a ɗayan. Azuzuwan sakandare a waɗannan garuruwa a kulle suke tun daga Yuli har ƙarshen Satumba. Aji ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, da faifan rana da batir mai kyau, da layin intanet guda da za a yi tarayya a kai, ya isa ya canza lissafin da na yi a sama. Tun da Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025, ko inda layin waya ba ya kai ma an daina cewa ba zai yiwu ba. Ba aikin da ya fi ƙarfin magadan gari da ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Yamai da ƙetare ba ne. Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 kuma aka ba ta fannin fasahar zamani, ita ta fi dacewa ta tsaya a kan irin wannan, ko da ta hanyar sa ido kan jarrabawa ne a Doso ko Dutsi, a rage wa mutane tafiya. Abin lura ne cewa babbar jami'armu ta Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken makamashin rana, amma har yau ɗalibin karkara na yawo da waya a hannu yana neman inda zai yi caji.

Su ma masu tsara zangon hutu akwai abin da ke wuyansu wanda ba ya cin ko sisi. Su duba kalandar manomi kafin su tsara tasu. A sassauta aiki a makonnin noman fari, a matsa a Agusta bayan maimai, lokacin da gona ke ɗan sakin mutum. A naɗi darasi a bar shi, kowa ya saurara lokacin da ya samu. Kada a sa jarrabawa a bakin girbi.

Na sami kiredina 12, lisans ɗin da ya yi shekara huɗu yana jira ya fito. Geron gidanmu bai kai na bara ba, domin ɗan barema ba ya noma kamar mai gona, kuma wannan ma yana cikin farashin. Ga ƙanina ko ƙanwata da ke da sauran darussa a jami'a kuma yake tunanin biyansu a damina mai zuwa, shawarata ita ce ka fara shiri tun rani: ka tabbatar da takardar, ka ware kuɗin data da na barema da na motar jarrabawa, ka nemi abokan tafiya, sannan ka yi magana da mutanen gida tun kafin ruwan farko ya sauka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga ranar da ɗan Sukukutan zai gama digirinsa bai sayar da akuyar uwarsa don kuɗin mota ba.